Yadda za ka gano ciwon kafireto a tsohon babur, ka gyara shi da hannunka

A Legas da zarar babur ya ƙi tashi da safe, ko ya fara shaƙewa a kan hanya, abin da kowa zai ce shi ne kafireto ne. Sai a ɗauko sukudireba a hau murɗa sukurori biyun nan da ke gefensa, wannan ya ƙara, wancan ya rage, kafin azahar babur mai ciwo ɗaya ya koma mai uku. A ganina sukuru shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Yawancin abin da ke damun kafireton tsohon babur a garin nan datti ne, ko ruwa, ko iskar da ke kutsawa ta inda bai dace ba, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da murɗa sukuru yake warkarwa.

Baburan da nake magana a kansu su ne waɗanda 'yan'uwanmu suka fi hawa daga Agege zuwa Ikorodu da Alaba Rago: Bajaj Boxer, TVS, Honda CG125 da ire-irenta na Caina, Jincheng mai hayaƙi, da ƙananan roba-roba masu 110. Kafiretonsu kusan ƙira ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya iya saura. Tun daga 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, ta kuma ƙara huɗu a watan Satumba, babura da yawa suka koma zaman jingine a lungu na watanni. Zama kuwa ya fi aiki lalata kafireto. Fetur ɗin da ya kwana a ciki yana bushewa, ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa ko kore wanda ke toshe ƙananan ƙofofi.

Abin da ke ciki

Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi. A ƙasansa akwai kwano inda mai ke taruwa. Cikin kwanon akwai fulot, wato abin nan da ke yawo a saman mai, shi ke tura wata 'yar allura mai bakin roba ta toshe hanya idan kwanon ya cika. Daga kwanon mai yana hawa sama ta jet guda biyu, wato ƙananan sukurorin tagulla masu huji a tsakiya, ƙarami da babba. A sama kuma akwai silaid, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya, wanda kebur ɗin totur ke ɗagawa, da doguwar allura a jikinsa.

Abin da zai fi taimakonka shi ne sanin wa ke aiki a wane lokaci. Daga silo, wato inji na aiki ba a ja totur ba, zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet da sukurun gefe na gaurin mai da iska ne ke ciyar da inji. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allura ce. Daga nan zuwa ƙarshen totur, babban jet ne. Saboda haka idan babur ba ya tsayawa a silo amma yana gudu lafiya a kan titi, babu ruwan babban jet. Idan kuma yana silo sumul amma ya shaƙe in ka ƙure totur a kan gada, ƙaramin jet ba shi da laifi. Ka lura da inda hannunka yake lokacin da babur ya yi gardama, ka riga ka rage rabin aikin.

Kafin ka kwance komai

Fara da mai. Rufe famfon tanki, zare tiyon da ke shiga kafireto, ka sa bakinsa a cikin farar roba, sannan ka buɗe. Ya kamata mai ya zubo a miƙe. Idan ɗigo yake yi, gwada rizab. In ya zubo a rizab kawai, ko dai mai ya yi ƙasa ko hanyar sama ta famfon ta toshe. In duka biyun ɗigo ne, rariyar da ke cikin tanki ta cika da tsatsa. Akwai kuma wata matsalar da ke ruɗa mutane ƙwarai: babur ya tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya, ya mutu, a jira kaɗan ya sake tashi. Da ya mutu ka yi maza ka buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe, tankin ba ya iya sakin mai. Ana sayen sabon kafireto a kan wannan, alhali ɗan ramin murfi ne kawai za a buɗe.

Sai ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne babban abokin gabar kafireto a Legas. A Arewa ƙurar hunturu ce ke cinye shi, a nan kuwa laima ce da ruwan sama, musamman a watannin Yuni da Yuli. Ruwa na shiga ta murfin tankin da robarsa ta mutu, yana shiga wajen wanki, yana taruwa da kansa a tankin da ke kwana da mai kaɗan, yana kuma zuwa a jarkar 'yan bumburutu. Ko gidan mai ba a rantse masa ba. Wanda yake garin nan a Fabrairun 2022 zai tuna gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi mai yawan sinadarin metanol, wanda ya kwantar da injina ya kuma jawo dogayen layuka.

Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake kwanciya a gindin kwano, daidai inda babban jet ke zuƙa. Alamarsa ita ce babur ya yi silo lafiya, da ka ja totur sai ya yi tari ya yanke. A ƙasan kwanon akwai wani sukuru na zubar da mai. Sa farar roba a ƙarƙashin ɗan tiyon, ka sassauta shi, ka tari abin da ya fito, ka ɗaga robar ka duba a haske. Ruwa zai ware kansa a ƙasa, ka ga layi tsakaninsa da fetur, wani lokaci da jan gari na tsatsa yana yawo a ciki. In ka ga haka, zubar da na kwano bai isa ba. Tankin ma sai an juye shi, in ba haka ba gobe ka dawo gidan jiya.

Na biyu fulogi. Kwance shi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. In ja ce mai rauni ko babu gaba ɗaya, matsalarka ta wuta ce, fulogi ko hula ko kwayil, ka ƙyale kafireto ya huta. Tazarar bakin fulogin waɗannan babura, wato fulogi irin su C7HSA da D8EA, tana tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Sannan ka karanta launinsa. In ya yi kalar shayi mai madara, gaurin mai da iska daidai yake. Baƙi mai busasshen gari na nufin mai ya yi yawa. Fari fat kamar an ƙona na nufin mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi hatsari. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, wato ringi ko robar bawul, babu abin da wankin kafireto zai yi masa.

Na uku iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga kafireto. In soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. In na takarda ne ba a wanke shi, canzawa ake yi. Soson da ya sha ruwan ambaliya yana shaƙe inji tamkar an ja cok. Masu cire shi gaba ɗaya don babur ya "buɗe" kuma yashi suke ɗura wa fistin.

Na huɗu robar da ke haɗa kafireto da inji. Tsufa da zafi suna tsattsaga ta, iska ta riƙa shiga ta bayan fage. Alamar ita ce silo ya ƙi zama wuri ɗaya, ko ka saki totur inji ya ci gaba da kuka sama kafin ya sauko a hankali. Tada babur, ka fesa ɗan maganin wankin kafireto a kan robar da mahaɗinta. In muryar inji ta canza, ka kama ɓarawon. Fesawa kaɗan za ka yi, kada ya taɓa salansa mai zafi.

Na ƙarshe bawul. Babur mai wuyar tashi, wanda kik ɗinsa ya yi laushi a ƙafa, sau da yawa bawul ne ya ɗaure. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce idan inji ya huce. In ba ka da abin aunawa, wannan na bakanike ne.

Duk waɗannan in sun fita lafiya, akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da cok. Bari inji ya yi zafi, ka kai shi inda yake gardama, ka ɗan ja cok. In ya gyaru, mai ne ke masa kaɗan, ka nemi toshewa. In ya ƙara lalacewa, mai ya riga ya yi yawa, ka nemi fulot ko allurar da ta ci.

Kwancewa

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 8 da 10, sukudireba mai faɗi babba da ƙarama, mai kuros, filaya, gwangwanin maganin fesawa, tsohon buroshin haƙori, tsumma mai tsabta, da faranti. Farantin nan kada ka raina shi. Akwai sifirin da washa a cikin kafireto waɗanda in suka faɗi a yashi sai dai haƙuri. Ka zaɓi wuri mai iska, nesa da risho ɗin mai shayi da tukubar mai tsire, kuma duk mai sigari ya matsa. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane tiyo.

Rufe famfo, zubar da man kwano. Kwance murfin saman kafireto da hannu, ka jawo silaid da allurarsa a hankali, ka bar su rataye a kebur cikin leda don kada allurar ta lanƙwashe. Sassauta zoben da ke riƙe robar iyakilina, kwance notuna biyu na gefen inji, ka zaro kafireton. Cusa tsumma mai tsabta a bakin inji. Wanke bayan kafireton da buroshi kafin ka buɗe, don kada dattin waje ya koma ciki.

Yanzu abin da mutane ke tsallakewa. Kafin ka cire sukurun gefe, na gaurin mai da iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa, rabi-rabi, har ya taɓa ƙarshe. Da ya taɓa ka tsaya, kada ka ɗaure, bakinsa siriri ne, yana karyewa ko ya faɗaɗa mazauninsa. Rubuta adadin. Sannan ka fito da shi. A wasu kafiretocin akwai sifirin, da 'yar washa, da ɗan zoben roba a bayansa, kuma sukan maƙale a cikin ramin. Leƙa ka tabbata sun fito.

Juya kafireton ka kwance sukurorin kwano. Ƙarfensu laushi gare shi, saboda haka ka danna sukudireba da ƙarfi kafin ka juya, in ba haka ba kan ya cinye. In kwanon ya manne, ɗan buga shi da ƙotar sukudireba, kada ka cusa ƙarfe a mahaɗin. Zare ɗan sandan da ke riƙe fulot, fulot ya fito da 'yar allurarsa. Babban jet yana tsakiya, a kan wani bututu mai ƙananan huji a jikinsa, cire su duka biyun. Ƙaramin jet yana gefe, wani lokaci a cikin rami mai zurfi. Nemi sukudirebar da ta cika bakinsa daidai, domin tagulla ne, in ka ɓata kansa a cikin ramin ka shiga uku.

Wanki

Ware duk abin da yake roba gefe guda, gasket ɗin kwano da zoben sukuru da allurar fulot, domin maganin fesawa yana kumbura roba. Jiƙa jet-jet ɗin da bututun a cikin maganin na ɗan lokaci, sannan ka fesa ta cikinsu. Ɗaga kowanne ka leƙa ta rana. Ramin babban jet a fili yake. Na ƙarami kuwa da ƙyar ido ke kama shi, amma dole ka ga ɗigon haske zagayayye. In hasken ya zo a karkace ko dishi-dishi, da sauran datti. Ƙananan hujin da ke gefen ƙaramin jet da na jikin bututun su ma sai sun buɗe duka, domin ta nan iska ke shiga ta farfasa mai.

Kada ka tsokale jet da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, in ya kankare ramin ko da kaɗan ne, jet ɗin ya tashi daga lambarsa har abada, babur ya koma shan mai ba ka san dalili ba. In toshewar ta ƙi fita, zare silin waya ɗaya daga cikin tsohuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe, ko gashi ɗaya na buroshi, ka bi da shi a hankali.

Jikin kafireton kansa yana da hanyoyi a ɓoye. Sa ɗan tsinken gwangwanin a ramin ƙaramin jet ka fesa, ka ga maganin ya fito ta ɗan hujin da ke cikin maƙogwaron kafireto, da ramin sukurun gefe, da ƙofar iska ta bakin baya. In bai fito ta ɗaya daga ciki ba, toshe sauran da yatsa ka sake fesawa. Kawar da fuskarka, domin maganin yakan dawo ta inda ba ka zata ba, kuma a ido ba shi da daɗi ko kaɗan. Daga nan ka bi kowace hanya da iska. Injin mai facin taya ya wadatar, sai dai ka riƙe jet da kyau kafin ka hura, kuma kada ka taɓa hura iska mai ƙarfi a kafireton da fulot ke ciki, tana murƙushe shi.

Fulot da ambaliyar mai

Kafireton da ke ɗigar da mai ta tiyon ƙasa, laifin yana nan. Girgiza fulot a kusa da kunnenka. In ka ji motsin mai a ciki, ya huje, sai sabo. Duba bakin 'yar allurar. In ka ga zobe ya kwanta a robar inda take zama, ta gama aiki. Danna ɗan tsinin da ke bayanta, ya kamata ya shiga ya dawo da kansa. Mazauninta kuma ka goge shi da auduga a tsinke da ɗan man goge baki, ka wanke sosai. Bayan ka mayar da su, gwada da bakinka ta tiyo mai tsabta: kafireto a miƙe iska ta wuce, ka juya shi kai ƙasa iska ta tsaya. In ta wuce a juye, zai yi ambaliya. In kuma komai ya rufe amma mai bai daina ɗiga ba, duba siririn bututun da ke tsaye a cikin kwano, yakan tsage a tsaye, tsagar da sai an lura.

Tsayin mai a kwano yana canza komai. In ya yi sama, babur zai sha mai ya baƙanta fulogi. In ya yi ƙasa, zai yanke a gudu. Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce bayan an mayar da kafireto: sa farin tiyo a bakin zubar da mai, ka lanƙwasa shi sama a jikin kafireton, babur a tsaye daidai, ka buɗe famfo da sukurun. Man zai hau tiyon ya tsaya daidai da na cikin kwano. A yawancin waɗannan kafiretocin yana tsayawa kusa da mahaɗin kwano, ƙasa da shi kaɗan. A wasu, bakin tiyon na ambaliya ne kawai, to a nan wannan dabarar ba za ta yi ba. In fulot ɗinka mai harshen ƙarfe ne, ana lanƙwasa harshen kaɗan-kaɗan don gyara tsayin. In roba ne gaba ɗaya, ba a lanƙwasa shi, canzawa ake yi.

Babur ɗin da ya daɗe yana ambaliya, ka zaro sandan baƙin mai ka sansana. In kana jin warin fetur, ya gangara cikin inji ya tsinka man, sai a juye a zuba sabo kafin a yi tafiya.

Silaid da doguwar allura

Duba jikin silaid. In ya goge har yana kaɗawa a cikin raminsa, iska za ta riƙa bi ta gefe, silo ba zai taɓa zama ba, kuma wannan ba ya gyaruwa da wanki. Doguwar allurar ita ma tana ci a tsakiya, sai babur ya riƙa shan mai a matsakaicin gudu. A saman yawancinsu akwai tsaga biyar da ɗan kilif. Na tsakiya shi ne wurin farawa. Ka saukar da kilif, allura ta ɗago, mai ya ƙaru. Ka hawar da shi, allura ta nutse, mai ya ragu. Tsaga ɗaya ake motsawa a lokaci guda, a gwada a kan hanya. Kilif ɗin nan tsalle gare shi, cire shi a cikin leda.

Mayarwa da saiti

Jet-jet a ɗaure su daidai hannu, ban da ƙarfi. Gasket ɗin kwano in ya bushe ko ya tsage a canza, kada a shafa gam, domin fetur na narkar da shi ya koma cikin jet. Sukurun gefe ya koma adadin da ka rubuta. Wajen sa silaid, gefen da aka yanke a karkace yana kallon iyakilina, doguwar tsagar jikinsa kuma ta hau kan ɗan tsinin da ke cikin ramin. In ya shiga a juye zai tsaya a sama, babur ya tashi da ihu. Kafin ka buga kik, ja totur ka saki, ka ji silaid ya faɗi da 'yar ƙara. Juya kan babur dama da hagu ka sake gwadawa. Totur ya kasance da ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6 kafin ya fara ja.

Sai yanzu aka zo kan sukuru. Guda biyu ne. Mai babban kai da sifirin a waje, wanda ke tokare silaid, shi ne na silo, ɗaga murya da saukar da ita kawai yake yi. Ɗayan shi ne na gauri, kuma iri biyu ne. In yana ɓangaren iyakilina, iska yake sarrafawa: ka shigar da shi mai ya ƙaru, ka fito da shi mai ya ragu. In yana ɓangaren inji, sau da yawa a ƙasa, mai yake sarrafawa: ka fito da shi mai ya ƙaru. Rashin sanin wannan bambancin ne ke sa mutum ya yi ta murɗawa baibai. In wani ya riga ya dagula saitin, fara na iska daga juyi ɗaya da rabi, na mai daga juyi biyu.

Ba a saiti da inji mai sanyi. Zagaya da babur kamar minti goma, ka tabbata cok a kashe yake, iyakilina a ɗaure. Ɗaga silo kaɗan sama da yadda aka saba. Juya sukurun gauri kwatan juyi, ka jira 'yan daƙiƙu, ka saurara. In murya ta ƙaru, ci gaba ta wannan ɓangaren. Za ka kai inda za ta fara sauka, sai ka dawo inda ta fi ƙarfi da santsi. Daga nan ka saukar da silo da babban sukurun zuwa wajen juyin inji 1,400 a minti, wato inda inji ke bugawa a natse ba ya neman mutuwa. Fizgi totur sau biyu ko uku. In ya amsa nan take ya dawo ya zauna, ka gama. In ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ɗauka, ƙara masa mai kaɗan. In ka juya sukurun gauri ko'ina murya ba ta canza ba, ko, in na mai ne, sai ya wuce juyi uku kafin ya daidaita, ƙaramin jet bai buɗe ba ko akwai iskar da ke shiga. Sake kwancewa ya fi ci gaba da murɗawa.

Masu Jincheng mai hayaƙi da suka cire famfon man hayaƙi suna zuba shi kai tsaye a tanki, kafiretonsu ya fi saurin danƙarewa in babur ya zauna. In kuma silo ya ƙi zama bayan wanki da robar haɗi mai kyau, a duba silin karanshaf, yana jan iska idan ya tsufa.

Maganar rage shan mai

Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488 a Legas cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kusan kowane ɗan acaɓa in ya zo gareji maganarsa ɗaya ce: "Oga, don Allah a ɗaure min shi, yana shan mai." Wasu makanikan sai su shaƙe sukuru, su nutsar da allura har ƙarshe, wani ma ya cusa silin waya a babban jet. Yaro ya tafi yana murna. Amma waɗannan injinan iska ce ke sanyaya su, kuma fetur ɗin da ke shiga yana cikin abin da ke rage musu zafi. Ka hana su mai a cunkoson Legas, inda babur ke tafiyar giya ɗaya ga fasinja ga zafi, abin da zai biyo baya shi ne salansa mai harbi in an saki totur, wuyanta ya yi shuɗi, bawul ya ƙone, wani lokaci fistin ya kama. Kuɗin buɗe inji ya ninka abin da aka tara a mai. Babur mai shan mai fiye da ƙima, a duba iyakilina, da fulot, da allurar da ta ci, da iskar taya, da birkin da ke kamawa, da cen ɗin da ya bushe.

Wanda ya sauko da babur daga Arewa a tirela shi ma ya lura. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ba ta da nauyi, Legas kuwa a bakin teku take. Saitin da ya yi daidai a Filato zai iya zama mai ƙarancin mai a nan. A duba fulogi bayan tafiyar farko.

Gyara ko sabo

In jikin kafireton lafiya yake, kayan gyara na cikin leda sun isa: gasket, allurar fulot, zoben roba. Jet-jet ɗin asali in ba su lalace ba ka ci gaba da amfani da su, domin na cikin leda masu arha lambar da aka buga a jikinsu ba kullum take daidai da ramin ba. Tsohon Keihin ko Mikuni na asali da aka wanke da kyau ya fi mini sabon kwaikwayo. Sai in silaid ya kaɗe, ko zaren ya cinye, ko ruwa ya ci cikin har ya yi farin gari yana ɓarɓashi, to a nemi wani. A kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair a hanyar Badagry ko wajen masu kayan babur na unguwa, ka tafi da tsohon a hannu. Gwada tazarar ramukan noti, da faɗin baki gaba da baya, da irin cok ɗin, na hannu ne ko na kebur. Masu 110 galibi kafireto samfurin PZ19 suke ɗauka, CG125 kuma PZ26. Kada a ruɗe ka da babba wai zai ƙara gudu, ƙaramin inji ba ya iya jan mai da kyau ta babban maƙogwaro, silo da tashi ne za su lalace.

Tankin da ke da tsatsa zai sake toshe kafireto cikin 'yan kwanaki, sabo ne ko tsoho. Cire shi, ka zuba kananzir da ɗan tarin ƙananan notuna, ka girgiza sosai, ka juye, ka maimaita har abin da ke fita ya yi haske, ka ƙirga notunanka su fito duka, ka shanya shi ya bushe sarai. Sa 'yar filta mai haske a tsakanin famfo da kafireto, kibiyar jikinta tana kallon kafireto. In za ka ajiye babur fiye da mako biyu, ko za ka tafi gida noma ko sallah, rufe famfo, ka zubar da man kwano ta sukurun ƙasa, ka cika tanki don laima ta rasa wurin zama, ka rufe shi da tamfol. A lokacin damina kuwa, ko kana hawa kullum, ka riƙa sassauta sukurun nan sau ɗaya a mako kana tarar abin da ya fito a farar roba.